Baba Toka Mai Niƙa Ƙasar Duniyar Wata

Idan aka tambayi Baba Toka aikinsa, ba ya ɓata lokaci. Sai ya cire hula ya kaɗe ta a gwiwa, ƙura ta tashi, ya ce, "Ni nake niƙa ƙasar duniyar wata." Daga nan sai ya jira, domin ya san abin da zai biyo baya. Wasu su fashe da dariya, wasu su dube shi irin kallon da ake yi wa wanda kansa ya fara kwancewa, wasu kuma su ce, "Allah ya ba ka lafiya, Baba." Duk daɗinsu yake ji. Abin haushi ga masu dariyar shi ne gaskiya yake faɗi, ko a ce rabinta.

Sunan Toka ba da shi aka haife shi ba. Tun yana saurayi ya fara aikin injin niƙa a wata rumfar kwano a bakin kasuwa, inda mata ke jera robobin hatsi tun da safe suna hira suna jiran layi. Shekara goma sha huɗu ƙurar gari tana sauka a kansa da girarsa da gashin bakinsa, har mutane suka manta asalin launinsu. Lokacin da furfurar gaske ta zo babu wanda ya lura, har matarsa. Ita ce ma take cewa tsoho ta aura tun yana ɗan shekara ashirin da biyar, don haka yanzu ba ta da ƙorafi.

Wata rana wani matashin malamin jami'a ya faɗo cikin layin matan nan da buhun tsakuwa a kafaɗa, gumi na zuba, ya ce injin ɗakin gwajinsu ya mutu kuma yana so a mayar masa da duwatsun nan gari kafin jibi. Matan suka yi masa ca, kowace na cewa kada a kuskura a zuba dutse a inda ake niƙa abin da 'ya'yanta za su ci. Toka ya bari aka watse, ya canza farantan ƙarfen da ke cikin injin, ya zuba tsakuwar, ya karkata kunne. Da kunne yake aiki, har gobe. Ƙarar injin ce take gaya masa ko gari ya yi laushi ko da saura, sai ya ɗaure noti ko ya sassauta. Malamin ya tankaɗe garin a rariyarsa, bai ga abin da ya rage a sama ba, ya dubi Toka ya dubi injin, ya ce su biyun yake so. Yau shekara ashirin da biyu ke nan. Malamin ya zama Farfesa, ya ajiye tumbi, ya koma hawa na uku. Toka ya zama Baba Toka, shi da injinsa da yake kira Dattijo suka ci gaba da zama a ƙasa.

Ɗakin nasu yana ƙarshen baranda, bayan matakala, inda sai mai nema yake zuwa. Taga ɗaya gare shi, can kusa da rufi, daidai da hanyar da ake bi a waje, saboda haka takalma kawai yake gani, kuma ya san kowa a ma'aikatar da takalminsa. Rariya tara ce rataye a ƙusa, daga mai manyan idanu har zuwa wadda ta fi mayafi laushi. Bokitai a jere, kowanne da lambarsa. Akwai wata kujera mai ƙafa uku da rabi wadda shi kaɗai ya san yadda ake zama a kanta. Yana son ɗakin nan so na gaske, fiye da yadda zai yarda ya faɗa a gaban matarsa.

Maganar duniyar wata ta shigo ne tare da wata sabuwar malama da suke kira Dakta, shekara uku da suka wuce. Sa'ar 'yarsa ta biyu ce, siririya mai saurin magana, kullum tana tafiya kamar an aike ta. Ita ta zaunar da shi ta yi masa bayani. Masu shirin aika motoci da na'urori zuwa duniyar wata suna so su gwada tayoyinsu a kan irin ƙasar can kafin a tashi, wasu kuma suna so su ga ko za a iya buga bulo da ita. To, ƙasar watan da 'yan adam suka taɓa ɗebowa ba ta da yawa, ana lallaɓa ta, ba a ba kowa ya taka da taya. Sai dai a yi ta kwaikwayo, buhu-buhu. Baƙin dutse irin na aman wuta kaso kaza, farin dutse kaso kaza, da ɗan narkakken dutsen da ya daskare ya zama gilashi. A niƙa, a tankaɗe, a gasa a tanda har ya bushe ƙayau, domin can babu ruwan sama babu raɓa.

"Wato girki ne," in ji Baba Toka.

"Girki ne, Baba. Sai dai ba mu taɓa ɗanɗana na asalin ba."

Tare da Dakta aka kawo sabon inji, fari tas, cikinsa na tangaran, da maɓallai masu haske, ba ya ƙara sai ɗan gunaguni kamar firji. A ranar takarda ta sauko daga ofis cewa a ajiye tsohon inji. Babu wanda ya faɗi dalili, shi kuma bai tambaya ba. Ya lulluɓe Dattijo da tamfol, ya ɗora katako a kai, har Dakta ta ɗauka tebur ne, a nan take ajiye kofin shayinta duk lokacin da ta sauko. Doka ta biyu ita ta kafa da bakinta. Ta ga wani baƙin zobe rataye a bango, mayen ƙarfe ne da ya ciro daga tsohuwar lasifika, wanda tun zamanin kasuwa yake yawo da shi cikin gari don ya tsince ɓarɓashin da farantan inji ke zubarwa. Ta roƙe shi don Allah ya kai shi gida, domin dutsen yana da nasa ƙarfen a jiki, mayen zai zuƙe shi ya ɓata awo. Ya kai gida, matarsa mai ɗinki ta karɓe tana tara allurai a kai.

Matsalar ita ce sabon injin ɗan gata ne, ba ya karɓar abin da ya fi ƙwayar wake girma. Takardar da ta zo da shi ta ce a fara farfasa dutsen da hannu a turmin dutse. Baba Toka ya gwada. Kwana huɗu kafin ya cika bokiti ɗaya, kafaɗarsa ta daina ɗaguwa. A rana ta biyar ya zo da sassafe, tun kafin takalmi ɗaya ya wuce ta taga, ya yaye tamfol, Dattijo ya gama aikin cikin minti ashirin yana waƙarsa. Daga nan abin ya zauna: Dattijo ya ɓarza, ɗan gata ya lailaye. A fom ɗin da yake cikewa kuwa, layi ɗaya tak aka bari don rubuta injin da aka yi amfani da shi, shi kuma yana rubuta "sabo", tunda daga bakinsa garin yake fitowa a ƙarshe. Bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙarya ba. A wurinsa rufin asiri ne tsakanin tsofaffi biyu.

Sai ga labari ya sauko daga hawa na uku cewa an amince a ba su aron ƙasar wata ta gaskiya, rabin giram, na mako biyu. Farfesa da kansa ya kawo labarin, shi da ya shekara bai leƙo ƙasa ba, ya tsaya a bakin ƙofa yana haki. Bai yi kwana-kwana ba. Za a auna ta asali, a auna tasu, a kwatanta abubuwa goma sha biyu. In goma sun yi kusa, ɗakin zai ci gaba, har su riƙa niƙa wa wasu. In ba su kai goma ba, manya sun riga sun yanke: a riƙa sayo haɗaɗɗiya daga waje, a mayar da ɗakin ma'ajiyar tsofaffin takardu, Baba Toka ya koma riƙon makullan sito.

"Ba na jin komai, ranka ya daɗe," in ji Baba Toka. "Ni dai a kawo ta mu gaisa."

Kuma da gaske yake, murna ba ta bar wa tsoro wurin zama ba. Mako guda mutumin nan jikinsa na rawa. Ya gaya wa direban bas, ya gaya wa mai kanti, ya gaya wa mai aski, wanda ya ce in da hali a ɗebo masa cokali ɗaya ya ajiye a shago. Ya sa aka goge masa farar rigar aiki, ya duba ya ce kwalar ba ta kwanta ba, a sake.

"Malam," in ji matarsa tana jona dutsen guga a karo na biyu, "ƙasa ce fa za ta zo, ba surukai ba."

Ranar Talata ta iso, a hannun mutum biyu masu fuskar shanu. Akwati cikin akwati cikin akwati. Aka shigar da na ƙarshen cikin wani babban akwatin gilashi mai safar hannu manne a jikinsa, don kada iskar ɗaki ta taɓa ta. An bar Baba Toka ya tsaya a baya, sanye da takunkumi da hular takarda. Dakta ta zura hannu a safar ta buɗe, sai ga wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan ƙaramin yatsa ba, a gindinta wani ɗan gari da bai fi gishirin da ake barbaɗa wa dafaffen ƙwai ba.

"Shi ke nan?" in ji shi, da ƙarfi fiye da yadda ya yi niyya.

Dakta ta yafito shi da kai ya matso. Ya sunkuya har takunkuminsa ya kusa taɓa gilashin, ya ɗago, ya nuna kansa. "Dakta, wallahi kalar kaina ce!" Har masu fuskar shanun nan sai da suka murmusa. Shi kuwa ya sake sunkuyawa. Abin da yake hangowa a sama tun yana yaro, ga shi yau tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai tsawon hannu ba. Dariya yake yi, amma idanunsa sun ciko.

Ranar Alhamis aka yi awo. Akwai wata na'ura da ke haska gari da wani irin haske ta faɗi abin da ke cikinsa, sakamakon ya fito a allon kwamfuta layi biyu, na wata a hagu, nasu a dama. Dakta tana kiran sunayen sinadarai, shi kuma tunda sunayen ba sa zama a kansa sai ya riƙa miƙe yatsu. Na farko, sinadarin yashi, ya yi kusa. Yatsa ɗaya. Na biyu ya yi kusa. Na uku kamar an kwafa. Kafin a kai na bakwai ya fara tsalle a tsaye kamar mai jin fitsari. Sinadarin gishiri ya yi yawa a nasu, wannan dama an san za a yi haka, duwatsun duniya sun fi na can gishiri. Aka zo kan damshi, wanda Dakta ta sa rai a kansa bayan duk gashin da aka yi wa garin a tanda, sai ya faɗi da ɗan ƙiris. An gama goma sha ɗaya, yatsu tara ne a miƙe.

Kowa ya san na goma sha biyun. Tsantsar ƙarfe ne, wanda bai taɓa yin tsatsa ba. Dakta ta sha gaya masa cewa a wata akwai shi cikin ƙasa, tunda babu iska babu ruwan da za su ci shi, amma a dutsen duniya da wuya ka same shi. Ta ɗauki garin ta ɗora a wata na'urar daban, don dai a cika ƙa'ida, ba ta ma kalli allon ba. Da ta kalla, sai ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta sake awo. Ta ɗebo daga wani bokitin ta sake. Sannan ta jefar da biro sama ta kurma ihun da ya sa mai gadi ya shigo da gudu.

"Akwai! Baba, akwai! Goma!"

Abin da ya biyo baya ba shi da tsari. Farfesa ya sauko yana tsallake matakala bibbiyu, shi da tumbinsa, ya dubi allon, ya rungume Dakta, ya rungume Baba Toka, saura kaɗan ya rungume mai gadi. Ya ce lallai wurin fasa dutsen da suke ɗebo baƙin dutsen nan ba irin sauran ba ne, shekara uku suna taka abin mamaki ba su sani ba. Nan take ya fara buga waya, waya biyu a kunne biyu, yana cewa ranar Litinin zai sanar a taro, sannan a rubuta a buga duniya ta karanta. Wani ya kawo lemo. Baba Toka ya yi ta musabaha har tafinsa ya yi zafi. A bas ɗin komawa gida waƙa ya riƙa yi a ƙasan maƙoshi, yana buga gwiwa. Da ya shiga gida ya kamo hannun matarsa daga kan keken ɗinki ya fara juyi da ita tsakanin keken da firji, tef ɗin awo na lilo a wuyanta, tana cewa, "Malam, maƙwabta! Malam, ƙafata!" tana dariya har da tari.

Washegari da safe Dakta ta kira shi ofishinta, bakinta har kunne. Ta sa an ɗauki hoton garin da madubin da ke ƙara girman abu sau ɗari-ɗari.

"Baba, zo ka ga ƙarfenka."

Ya zo yana gyara kwala. A allon, tsakanin ƙwayoyin dutse masu duhu, ga wasu 'yan abubuwa masu sheƙi, sirara, a lanƙwashe kamar yankan farce. Murmushinsa ya tsaya a inda yake. Bai yi karatu mai zurfi ba, amma waɗannan ya san su. Shekara goma sha huɗu yana share irinsu daga jikin mayen ƙarfe da babban yatsa. Ba daga wurin fasa dutse suka fito ba. Haƙoran Dattijo ne.

"Sun yi kyau," ya ce, da wata murya da ba tasa ba, ya fita.

Tsakar rana ya dawo gida, abin da bai saba ba. Matarsa ta dube shi sau ɗaya ta tsayar da keke. Ya zauna a bakin gado ya gaya mata komai, da tamfol, da fom mai layi ɗaya, da yankan farcen. In ya yi shiru, goma tana nan, ɗaki yana nan. In ya yi magana, ta koma tara, kuma shi ne ya karya umarnin ofis shekara uku.

"Wa ya sani bayan kai?"

"Babu."

"To ai da sauƙi," in ji ta. Ta zare zare daga bakin allura. "Sai dai yarinyar nan ce za ta tsaya a gaban mutane da sunanta. Wata rana wani mai ido irin naka zai ga hoton." Ta miƙa hannu kan taga ta ɗauko baƙin zoben, ta fara cire allurai ɗaya bayan ɗaya tana sokawa a gefen zanenta. "Kai da ba ka taɓa bari an tafi da gari mai ƙarfe daga rumfarka ba, ko da mai shi tana sauri tana zaginka. Ungo. Ka dawo mini da shi, ina da aiki."

Ya koma. Ya aika a ce wa Dakta don Allah ta sauko. Ta zo da kofin shayinta, tana ta zuba maganar Litinin, ta ajiye kofin a inda ta saba. Baba Toka ya ɗauki kofin da hannu biyu ya mayar mata, ya sauke katakon, ya kama gefen tamfol.

"'Yata, wannan ba tebur ba ne."

Ya yaye. Dattijo ya bayyana, kore mai ɓaɓɓaren fenti, da bel ɗinsa da babban bakinsa, a goge tsaf da mai. Baba Toka bai tsaya dogon bayani ba. Ya ɗebo farin dutse zalla, wanda su biyun sun san babu ƙarfe a jikinsa, ya zuba, ya tayar. Ƙarar ta cika ɗakin har rariyoyi suna rawa a ƙusa. Da garin ya fito, ya ciro mayen ƙarfen daga aljihu ya zagaya da shi a ciki sau ɗaya ya ɗago. Zoben ya fito da gemu, baƙi mai ƙyalli.

Dakta ta nemi wurin zama, ta faɗa kan kujerar nan mai ƙafa uku da rabi, kujerar ta zube da ita, ta ƙarasa zama a ƙasa da kofi a hannu. Ba ta tashi ba. Ya gaya mata sauran a tsaye, kansa a sunkuye, bai rage komai ba. Idanunta suka yi ja. Haushi ta ji, babu shakka, kuma ta faɗa: shekara uku tana shan shayi a kan amsar tambayarta. Sannan ta rufe fuska da tafin hannu ta ce, "Da an buga wannan da sunana, da na gama aiki. Baba, ka san abin da ka hana ya same ni?"

Aka kira Farfesa. Ya shigo a fusace, domin ya riga ya gaya wa rabin duniya, ya fara faɗa tun daga baranda. Da idonsa ya sauka kan injin sai faɗan ya tsinke. Ya matso ya shafa murfin. "Wannan ai ni na ɗauko shi a bayan motar haya," ya ce. "Ni da kai muka sauke shi, ya murƙushe mini yatsa." Ya nuna yatsan. Dariya ta ƙwace masa ba da sonsa ba, sannan ta ɗauke. "Amma Toka, tara tara ce. Ba ni da yadda zan mayar da ita goma."

Dakta tana ƙasa har yanzu, tana jujjuya zoben mai gemu. Ta fara magana a hankali, kamar da kanta take yi. Ƙarfen wata ma, in ji ta, wani sashensa daga waje ya zo, duwatsun sama ne suka yi ta faɗowa suna dukan ƙasar shekaru aru-aru suna barin nasu a ciki. Ba iri ɗaya ba ne, na can akasari ya fi wannan ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma a cikin gilashi yake a kulle, dole a rubuta haka ƙarara. Amma babu dokar da ta ce ƙarfen sai daga dutse zai fito. Girki ne, kowa na iya zuba abin da ya rasa, in dai ya faɗa kuma ya san yawansa. Laifin ɗaya ne: ba su san yawansa ba, wataƙila yau kaza gobe kaza.

Ta ɗago. "Baba, za ka iya sa ya zubar da daidai wannan adadin kowane lokaci?"

Baba Toka ya dube ta kamar ta tambaye shi ko ya san hanyar gidansa.

"Nawa kike so?"

Kwana uku aka ba su, domin taron Litinin ya matso. Bokiti uku, kowanne a rana daban, Dakta na tsaye da agogo da littafi, Farfesa na leƙowa da auduga a kunne. Baba Toka ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya, ya ɗaure noti rabin juyi, ya sassauta kaɗan, ya ce, "Nan." Aka kai na'ura. Na farko ya faɗa daidai inda ake so. Na biyu ya zauna a gefensa. Na uku da ya fito, Dakta ba ta yi ihu ba, ta juyo da allon kawai ta nuna wa Farfesa lambobi uku da sai ka ƙura ido kafin ka ga bambancinsu. Farfesa ya ciro audugar daga kunne ya ce goma ce, kuma wannan karon goma ce da za a iya faɗa a ko'ina. Ya ce a sake buga fom mai layi biyu. Ya ce a yar da tamfol ɗin nan. Baba Toka ya taka rawa a baranda, mai shara ta ajiye tsintsiya ta taya shi da tafi.

Bayan an mayar da 'yar kwalbar ga masu ita, Dakta ta sauko da wani ɗan ƙarfen auna kauri, ta ce ya kwance mata farantan. Ta auna na ciki, ta auna guda biyun da ya rage masa a ƙarƙashin benci, ta yi 'yan rubuce-rubuce.

"Baba, na nemi masu ƙera irin waɗannan. Sun rufe tuntuni. Na kasuwa yanzu wani haɗi ne daban, zai ɓata mana biyu daga cikin taran." Ta ajiye biro. "Da yawan buhunan da za a riƙa nema, waɗannan ba za su wuce shekara ɗaya da rabi ba. Kafin nan zan samo wata hanyar zuba ƙarfen, ɗakin ba zai tsaya ba. Amma shi..." Ta dubi injin ba ta ƙarasa ba.

Ya ɗauki faranti ɗaya ya riƙe a cinya, ya bi haƙoran da yatsa. Tun yana saurayi yake ganin suna sirancewa, bai taɓa tambayar inda suke tafiya ba. Ashe aikin da ya ceci ɗakin shi ne zai cinye Dattijo, kaɗan-kaɗan, buhu bayan buhu, kuma shi ne da hannunsa zai riƙa ɗaure notin. Abin ya yi masa ciwo, ciwo sosai.

"Buhunan nan, ina za a kai su?"

"Wurin masu gwada tayoyi. Da masu bulo. Duk wanda zai aika wani abu can, sai ya fara taka naka."

Ya dubi farantin. Sannan ya yi wata 'yar dariya, ya goge ido da hannun riga, hannun rigar ya bar masa toka a kumatu. Ya mayar da farantin mazauninsa, ya ɗaure kusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya jawo bokitin baƙin dutse kusa.

"To matsa baya, 'yata," ya ce. "Kar mu ɓata masa lokaci."

Ya tayar da injin, ya karkata kunne.